Masu kamun kifi a fadamar Haɗeja: ruwa ɗaya, niyya daban-daban

A fadamar kogin Haɗeja da ke jihar Jigawa a arewacin Najeriya, kamun kifi tsohuwar sana'a ce da dubban magidanta ke ciyar da iyalansu da ita. To amma ba duk wanda aka gani a bakin ruwa ne ya fito neman abin kai wa kasuwa ba.

Akwai wanda ya gaji sana'ar su tun kaka da kakanni. Akwai manomin da kan shiga ruwa idan aikin gona ya yi sauƙi, da saurayin da ke ɗokin ranar buɗe tafki domin ya gwada ƙwanjinsa a gaban jama'a. Akwai kuma mai ɗaukar fatsa da yamma ya nufi gaɓa don ya huta da hayaniyar gari.

Dukkansu dai kifi ɗaya suke nema, amma abin da kowannensu ke kira sa'a ya sha bamban. Wannan bambancin niyya shi ke tsara irin kayan da mutum zai riƙa, da lokacin da zai shiga ruwa, da kuma yadda zai ɗauki doka idan aka ce a dakata. Tun da ruwan fadamar ya fara raguwa a shekarun 1970, batun ya wuce na sha'awa kawai, ya shafi makomar kifin kansa.

Yanayin fadamar

Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa. Bayan ya wuce garin Haɗeja, sai ya shiga ƙasa mai shimfiɗe da tuddan rairayi, inda yake rarrabuwa zuwa rassa da dama, ciki har da Marma da ke zuba a tafkin Nguru, da kuma Burum Gana.

Ruwan nasa kan haɗu da na kogin Jama'are kafin garin Gashuwa, daga nan su zama kogin Komadugu Yobe wanda ke gangarawa zuwa Tafkin Chadi. Ƙananan hukumomin Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri na daga cikin waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan wannan ruwa.

Yankin ya yi suna a duniya saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai a lokacin hunturu. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko ke nan a Najeriya. Dausayin Baturiya ya bi sahu a 2008, sannan a 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin wurin kare halittu.

Shekarar kifi

Duk mai kamun kifi a wannan yanki, ko da wace niyya ya zo, ambaliya ce ke tsara masa shekara. Ruwa kan cika kogi ya malala fadamu a watannin Agusta da Satumba, kifaye kuma su bi shi cikin ciyayi domin su yi ƙwai su sami abinci.

A wannan lokaci ne bargi ke gina sheƙarsa a cikin ciyawa, karfasa kuma ta riƙe ƙwanta da 'ya'yanta a baki har su yi ƙwari. Idan ruwa ya fara janyewa bayan kaka, manyan kifaye kan yi ƙoƙarin komawa cikin kogi, saura kuma su maƙale a tafkuna da kududdufai.

Wasu kifayen na da dabarar jure rani. Tarwaɗa na iya shaƙar iska, don haka takan rayu a ruwan da ya kusa ƙafewa. Ita kuwa gaiwa binne kanta take yi a cikin laka, ta yi watanni a can har damina ta dawo.

Masana harkar kifi sun daɗe da gano cewa a irin waɗannan fadamu na Afirka, yawan kifin da za a kama ya danganta ne da faɗin ƙasar da ambaliya ta rufe. Shekarar da ruwa ya malala da nisa, ita ce shekarar kifi.

Masuncin gado

Shi masuncin gado da kwando yake auna ranarsa. Abin da ya kama shi ne abincin gidansa da suturar iyalinsa, saboda haka ba ya wasa da lokaci, kuma ba ya dogara da kayan aiki iri ɗaya.

Yakan kafa kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a ruwa kifi ya sarƙe a ciki, ya jefa birgi daga cikin kwale-kwale, ya kuma ja mamari, doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi masu yawa. A wuraren da jirgi ba ya shiga, yakan kwanta a kan gora ya yi iyo yana duba kayansa, yana zuba abin da ya samu a cikin gorar.

Yawancin abin da irin waɗannan masunta ke kamawa banda ake yi da shi. Kasuwar kifi ta Haɗeja sananniya ce ga fatake, waɗanda ke lodin busasshen kifi zuwa biranen arewa da kudancin ƙasar.

Masuncin gado na alfahari da sanin ruwa. Ya san gurbin da ragon ruwa ke kwana da inda kurungu ke taruwa, ya kuma san yadda ake kauce wa minjirya. Da yawa daga cikinsu kan bi ruwa zuwa wasu wurare idan na gida ya ja baya, har zuwa Tafkin Chadi.

Ta fuskar doka kuwa, yana tsakanin abu biyu. Ya fi kowa sanin cewa kama 'ya'yan kifi bana yunwa ce baɗi, amma kuma shi ne wanda hana shiga ruwa na wata guda ya fi yi wa ciwo.

Manomi mai su

Mafi yawan mutanen da ke kama kifi a fadamar manoma ne. Mutum guda kan noma gero da dawa a tudu da damina, ya yi shinkafa a fadama, ya shuka wake ko kayan lambu a bayan ruwa, sannan ya kafa 'yan tarkunansa a mashigin da ke kusa da gonarsa.

A wurin irin wannan mutum, kifi mahaɗin miya ne, kuma abin toshe ƙananan buƙatu kafin amfanin gona ya iso gida. Ba ya sayen kaya masu tsada, ba ya kuma nisa da ƙauyensa.

Abin da ya fi damunsa shi ne haƙƙin garinsu a kan tafkin da ke kusa. Wani bincike da masanin Birtaniya David Thomas ya wallafa a 1996 kan ƙauyen Dagona da ke ƙasar Bade ya nuna cewa ikon mallakar ruwa na sauyawa da yanayi. Lokacin da ambaliya ta game ko'ina, kusan kowa na iya kamun kifi. Da zarar ruwa ya janye ya rabu gida-gida, sai tafkunan su koma hannun masu su, baƙo kuma ya nemi izini.

A garuruwa da dama, Sarkin Ruwa ko Bulama ne ke riƙe da wannan amana. Shi ke hana taɓa tafki na tsawon watanni, shi kuma ke sa ranar da za a buɗe shi.

Ranar buɗe tafki

A nan ne nishaɗi ke shigowa cikin harkar fiye da ko'ina. Idan rani ya yi nisa, aka sanar da ranar su, mutane kan taho daga ƙauyukan kewaye da koma da gora, su jeru a gaɓa suna jiran umarni, sannan su faɗa ruwa gaba ɗaya.

Da yawa daga cikin masu shiga ruwa a irin wannan rana ba masunta ba ne. Akwai 'yan kasuwa da ɗalibai da 'yan ci-rani da suka dawo gida. Abin da ya kawo su shi ne taron, da kiɗan, da kirarin da za a yi wa wanda ya fito da babban kifi.

Mai wannan niyya ba ya lissafin kwando. Kifi guda mai girma da zai ɗaga sama jama'a su gani ya fi masa ƙanana hamsin, domin labarinsa ne za a yi ta bayarwa har shekara ta zagayo.

Daga irin wannan al'ada ce manyan bukukuwan kamun kifi suka tsiro. A jihar Jigawa an sha gudanar da biki a madatsar ruwa ta Kalgwai da ke ƙaramar hukumar Auyo. A maƙwabciyarta Yobe kuma akwai bikin masarautar Bade da ake yi a Gogaram.

Wanda ya fi shahara shi ne na Argungu a jihar Kebbi, wanda ake danganta farkonsa a sigarsa ta yanzu da ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934. A ruwan Matan Fada ake yin gasar, da koma da gora kawai, bayan an hana kamun kifi a wurin tsawon shekara. A 2005 kifin da ya ci gasar ya kai kilo 75, kuma a 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gargajiya na duniya.

To sai dai gasa na da nata haɗarin idan kyauta ta yi tsoka. A 2008 an ƙwace kambun daga wanda aka ce ya yi nasara a Argungu, bayan da aka gano cewa mataccen kifi ne aka shigo da shi daga wani wuri.

'Yan fatsa

Fatsa ita ce hanya mafi sauƙi ta kama kifi: sanda, zare, ƙugiya, da tana ko fara da za a maƙala mata. Da ita yawancin yaran bakin kogi ke fara koyon ruwa, wasu kuma ba sa rabuwa da ita har girma, ko da sun kama wata sana'ar.

Ɗan fatsa kifi ɗaya yake kamawa a lokaci guda, kuma sai kifin ya ga dama. Wannan ya sa masu raga ke yi wa abin kallon wasan yara, ko ɓata lokaci. Shi kuwa a wurinsa, jiran shi ne daɗin abin.

Ko a tsakanin 'yan fatsa ma hali ya bambanta. Wani burinsa ya koma gida da abin da za a soya, don haka duk abin da ya ci ƙugiya nasa ne. Wani kuma nau'i guda yake farauta, kamar tsage mai kaifin haƙori da ke iya datse zare, yana sauya ƙugiya da wurin zama har sai ya dace.

Akwai mai zuwa da abokai don hira, wanda ko an kama ko ba a kama ba, yammacin ya yi kyau. Akwai kuma mai neman kaɗaici, wanda zai yi tafiya mai nisa domin ya sami gaɓar da babu kowa.

Karin maganar nan da ke cewa kifi na ganinka mai jar koma ta fi dacewa da wannan rukuni. Mai taru ƙarfi yake gwada wa kifi, amma mai fatsa dole ya yi masa wayo: ya rage motsi, ya kula da inuwarsa, ya san abin da kifin ke ci a wannan wata.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

A ƙasashe masu arzikin masana'antu, kamun kifi don nishaɗi ya zama babbar harka mai ƙungiyoyi da lasisi da kantunan kaya. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta bayyana shi a matsayin kamun kifin da ba shi ne ginshiƙin abincin mutum ba, kuma galibi ba a sayar da abin da aka kama. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin goma ne ke yin sa a irin waɗannan ƙasashe.

Al'adar ta daɗe a Ingila, inda Izaak Walton ya wallafa littafinsa The Compleat Angler a 1653, yana yabon natsuwar da ke cikin zaman bakin rafi. A 1939 kuma aka kafa ƙungiyar IGFA a Amurka, wadda ke ajiye tarihin kifaye mafiya girma da aka kama da ƙugiya. A kundinta akwai giwan ruwa mai nauyin kilo 104 da aka kama a tafkin Nasser na ƙasar Masar a shekarar 2000.

A 1977, wani masanin halayyar jama'a Ba'amurke mai suna Hobson Bryan ya yi nazarin masu fatsa a ƙoramun yammacin Amurka, ya kasa su gida huɗu. Na farko su ne masu zuwa jefi-jefi, sai masu zuwa a kai a kai da ke amfani da kowace dabara don su kama da yawa. Na uku sun taƙaita kansu ga dabara guda, na huɗu kuwa sun zaɓi dabara guda da kuma irin ruwan da za su yi ta a cikinsa.

Abin da Bryan ya lura da shi shi ne, gwargwadon yadda mutum ya ƙware, gwargwadon yadda yawan kifi ke rage masa muhimmanci, lafiyar kogin kuma ta ƙara damunsa. Duk da cewa yanayin Haɗeja daban ne, mai lura zai ga alamun wannan tsani a tsakanin yaron da ya fara riƙe sanda da dattijon da ke mayar da ɗan ƙaramin kifi ruwa yana cewa bai isa ba tukuna.

A kama a saki

Babban abin da ya raba kan masu fatsa a duniya shi ne al'adar kama kifi a auna shi sannan a mayar da shi ruwa da ransa. Masu goyon baya na cewa hakan na barin manyan kifaye su ci gaba da haihuwa. Masu suka kuwa na ganin wahalar da dabba ce saboda wasa.

Dokokin ƙasashe ma sun saɓa. A wasu kogunan Amurka da Birtaniya wajibi ne a saki wasu nau'o'in kifi. A Switzerland kuwa, dokar kare dabbobi ta 2008 ta hana mutum jefa ƙugiya da niyyar sakin abin da zai kama, a Jamus ma doka na neman ƙwaƙƙwaran dalili, kamar ci, kafin a cutar da kifi.

Ga mazauna ƙasar Haɗeja, inda kifi abinci ne mai daraja, sakin babban kifi bayan an kama shi abu ne da zai ba mutane mamaki. Akwai kuma mahangar addini. Alƙur'ani a cikin Suratul Ma'ida ya halatta abin da aka farauto a ruwa, amma littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a duk faɗin ƙasar Hausa, ya bambanta farautar buƙata, wadda ya halatta, da farautar wasa kawai, wadda ya ce makaruhi ce.

Don haka mai fatsa a wannan yanki, ko da hutu ne ya kai shi gaɓa, yawanci yakan kai abin da ya kama gida ko ya ba maƙwabta. Nishaɗi da amfani a haɗe suke tafiya.

Inda ra'ayoyi ke karo

Muddin ruwa na da yawa, waɗannan rukunoni ba sa takura wa juna. Amma an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma su biyun ke riƙe da kimanin kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Ga kuma farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na 1984.

Ƙasar da ambaliya ke rufewa, wadda ta haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ta koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Sakin ruwa daga madatsun a lokacin rani ya kuma hana wasu mashigai bushewa, abin da ya ba ciyawar kachala damar mamaye su. Kachala na toshe hanyar jirgi da raga, tana karkatar da ruwa, ta yadda wani gari ke fama da ambaliya yayin da maƙwabcinsa ke fama da ƙishi.

Da kifi ya yi ƙaranci, sai wasu suka koma ga hanyoyin da ba sa barin komai. Akwai raga mai ƙananan idanu, akwai dumba, wato jerin tarkunan gura da ake gitta wa mashigi daga gaɓa zuwa gaɓa, akwai kuma masu zuba guba irin su Gamalin a tafki.

Mai dumba na ganin ya zuba jari ne, dole ya fitar da kuɗinsa. Manomin da ke ƙasa da shi na ganin an tare masa rabonsa tun kafin ya iso. Mai jiran ranar buɗe tafki kuma na ƙorafin cewa masu satar shiga da dare sun kwashe manyan kifayen da ake taruwa dominsu.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa da lantarki, ta kuma ƙayyade cewa idon raga kada ya gaza milimita 76. Aiwatar da ita a fadama mai ɗaruruwan tafkuna aiki ne mai wuya, shi ya sa har yanzu maganar Sarkin Ruwa da dattawan gari ke da nauyi a wurare da yawa.

Abin da ya haɗa su

An yi yunƙuri iri-iri na shawo kan matsalar ruwan. A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru tare da haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje. A 2006 kuma jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka amince a Damaturu da kafa asusun kula da kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe. Al'ummomi da dama kan yi aikin gayya don sare kachala da yashe mashigai.

Binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadamar, idan aka haɗa noma da kifi da itacen da yake samarwa, ya fi kawo amfani a kan irinsa da aka tare don manyan ayyukan noman rani a sama.

Wani abin lura shi ne, tsohuwar al'adar rufe tafki har zuwa ranar su ta yi daidai da abin da masana ke ba da shawara a yau, wato a ware wuri da lokacin da kifi zai huta. Son ganin babban kifi a ranar biki, wanda wasu ke ɗauka wasa ne, yana daga cikin dalilan da ke sa gari ya haƙura da tafkinsa na watanni.

Masunci na buƙatar kifi mai yawa, ɗan gasa na buƙatar mai girma, ɗan fatsa kuma na buƙatar gaɓar da zai zauna. Babu ɗayansu da zai samu sai ambaliya ta zo a kan kari, an kuma bar ƙananan kifaye sun kai baɗi.